Filin Tambayoyin Masu Karatu: Matasanmu da Littattafan Duniyar Ƙirƙira

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. Yarinyar wajena tana aji biyu na babbar sakandare, kuma tun hutun da ya wuce ta kama karanta wani jerin littattafan Turanci masu kauri, waɗanda labarinsu ke faruwa a wata duniya da babu ita, mai sarakuna da mayaƙa da matsafa, har da taswirar ƙasashen a shafin farko. Tana jin daɗinsu ƙwarai, Turancinta ma ya ƙaru, amma hankalina bai kwanta ba saboda tsafin da ke ciki, ga kuma jarrabawar WAEC baɗi. In hana ta ne ko in ƙyale ta?
Daga wata uwa, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka. Shawarata ita ce kada ki hana ta, amma kuma kada ki bar ta ita kaɗai da littattafan, domin yarinyar da ta iya zama ta cinye shafi ɗari huɗu ba tare da wani ya tsaya a kanta ba ta sami abin da malamai da yawa ke ta fama su dasa a zukatan ɗalibansu ba su samu ba.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo, kuma kakanninmu suna rufe ta da cewa da ba don Gizo ba da sun yi ƙarya, wato tun muna ƙanana aka koya mana bambance abin da aka ƙaga da abin da ya faru. Da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai a 1933 ƙarƙashin Rupert East, biyu daga cikin littattafan da suka fito sun bi wannan hanya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda ake neman wani ruwa mai magani har ƙasar aljanu, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya fara da yaƙi da Turawa ya ƙare da yaƙi a cikin aljanu. A wannan gasar ce Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi ya fito da Shaihu Umar, sai dai shi ya tsaya a duniyar da muka sani. Waɗannan littattafai an karantar da su a makarantunmu shekaru masu yawa, kuma manyan malamai sun tashi a kansu.

Abin da ya bambanta na hannun 'yarki shi ne cewa marubucin ya gina duniya sukutum daga tushe, da tarihinta da harsunanta da dokokinta, sannan ya zuba mutane a ciki. Wanda ya fi kowa kafa wannan salo a Turanci shi ne J.R.R. Tolkien, malamin tsohon Turanci a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda babban labarinsa ya fito cikin juzu'i uku a 1954 da 1955, kuma ya fara ƙirƙirar harsunan mutanen labarin tun kafin ya rubuta labarin kansa. Daga baya masu buga littattafai suka ware wani rukuni domin 'yan shekara 12 zuwa 18, inda jarumin kan kasance sa'an mai karatu, yana fama da abin da matashi ke fama da shi: sanin kansa, zaɓen aboki, ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa, da gano cewa manya ma suna kuskure. Wannan ne sirrin da ke riƙe yarinyarki, ba tsafin ba.

Batun tsafi kuwa ban ɗauke shi da wasa ba. Hukuncin shari'a na malamai ne, kuma ya dace ki tambayi wanda kika amince da iliminsa. Abin da zan iya gaya miki a matsayin mai karatu shi ne cewa littattafan ba ɗaya suke ba. A mafi yawansu, abin da ake kira sihiri wata doka ce da marubuci ya ƙaga domin duniyarsa, wadda ba ta da alaƙa da boka ko ɗan bori, kuma babu wanda zai iya aikata ta ko da ya so. Masu kyau daga cikinsu ba sa bayar da ƙarfi kyauta: duk wanda ya taɓa shi sai ya biya, ko da lafiyarsa, ko da wani nasa, ko da mutuncinsa, kuma sau da yawa jarumin gaskiya shi ne wanda ya sami ikon ya ƙi amfani da shi. Akwai kuma waɗanda suka ari allolin wasu addinai masu rai suka saka a labari, kamar yadda wasu marubuta 'yan asalin Nijeriya mazauna Amurka suka yi da addinin gargajiyar Yarbawa. Irin waɗannan sun fi bukatar a zauna da yaro a yi magana, ya san abin da yake karantawa da inda aka ɗauko shi.

Abin da ya fi damuna, wanda iyaye ba su cika lura da shi ba, shi ne cewa wasu jerin suna girma tare da masu karatunsu. Littafi na farko yakan zo da tsabta, amma kafin a kai na uku ko na huɗu sai soyayyar ta fita daga abin da tarbiyyarmu ta yarda da shi, zubar da jinin ma ya ƙaru, alhali bangon bai canza ba. Saboda haka kada ki yanke hukunci da juzu'in farko kawai. Ki buɗe na ƙarshen da ke hannunta ki duba wasu babuka na tsakiya, ko ki sa wata ƙanwarki ko malamar Turancinsu ta duba miki. Mafi amfani duka, ki sa ta riƙa ba ki labarin da Hausa bayan sallar isha'i, ki tambaye ta wane ne mai gaskiya a rikicin, kuma me ya sa take ganin haka. Daga amsarta za ki gane abin da littafin ke zubawa a zuciyarta fiye da yadda bincike a ɓoye zai nuna miki.

Game da jarrabawa, ku yi yarjejeniya: littafin labari sai Asabar da Lahadi da lokacin hutu, kuma ba a kwana da shi a daren makaranta.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Yelwa, Bauchi. Na fara wani jeri mai littattafai biyar, na farko ya yi mini daɗi, amma a na biyu sunaye da masarautu sun yi mini yawa har na daina gane wane ne wane. Yaya zan yi in ci gaba?
Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Ƙanena, abin da ya same ka yana samun masu karatu da yawa, domin littafi na biyu shi ne inda marubuci kan raba jarumansa ya watsa su ƙasashe dabam-dabam, ya kawo sababbin gidajen sarauta, sai tafiyar labarin ta yi nauyi kafin ta sake ɗaukar gudu. Ka fara da duba ƙarshen littafin, saboda da yawansu suna ɗauke da jerin sunaye da salsalar gidaje, amma ka yi hattara kada ka leƙa na juzu'in da ba ka kai ba, don yakan tona wanda ya mutu ko wanda ya ci amana. Ka kuma riƙa komawa taswira duk lokacin da aka ambaci sabon gari.

Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce ka ɗora masarautar labarin a kan wadda ka sani. Kai da ka ga hawan Daushe a Bauchi ka san bambancin Waziri da Galadima da Madaki da Ciroma, ka san wanda ke ba Sarki shawara, da wanda ke jan dawaki, da wanda ke jiran gado. Ka sami takarda guda ka rubuta sunan kowane babba a labarin, ka sa masa sarautar da ta dace da aikinsa, ka ja layi tsakanin masu aure da masu gaba, ka saka ta a cikin littafin. Ba sai ka haddace kowa ba. Mutum biyar ko shida ne ke ɗauke da labarin, sauran kuwa marubuci zai tuna maka da su idan lokacinsu ya yi. Idan kalmar Turanci ta shige maka duhu, ka ja mata layi da fensir ka wuce, ka duba ƙamus bayan ka gama babin. In ka kai rabin littafin da wannan takarda a hannu amma har yanzu ba ka damu da abin da zai sami kowa ba, ka mayar wa mai shi, ka ari wani jerin.