Rigar takalmi da farin mabul ɗin da ya cinye min aikin wata biyu

Jiya ina wanke buroshi ka tsare ni da tambaya: "Maigida, rigar nan da ake sa wa takalmi in za a shiga gidan mutane aiki, wacce zan saya? Na ga wata kamar leda, wata kamar yadi, wata ma har ƙwauri take kaiwa." Ka ga na ɗaure fuska na yi shiru, ka ɗauka laifi ka yi. Ba ka yi laifi ba, yaro. Tsohon miki ka fama min, shi ya sa na bari sai da na huce.

Tambayar taka ma a karkace ta zo. Ba a fara duban kwalin rigar takalmi, ƙasan da za a taka ake fara dubawa. Wani wurin kai ne abin tsoro, daɓen mai gida ake karewa daga ƙazantar ƙafarka. Wani wurin kuma ƙasan ne abin tsoro, ƙafarka ake karewa daga abin da ke kwance a kansa. Wanda bai raba waɗannan biyu ba zai sayi abu ɗaya ya riƙa yawo da shi ko'ina, har ranar da za ta ritsa da shi kamar yadda ta ritsa da ni.

An fi shekara goma yanzu. Lokacin ina ji da kaina, yara huɗu ke ƙarƙashina, aiki na bin aiki. Wani mutum ya ba ni fentin gidansa, sabon bene, ciki da waje har da ƙofofi da ƙarafan matattakala. Da na shiga falon sai na tarar an riga an shimfiɗa farin mabul, an yi masa gugar ƙarshe, kana hango fuskarka a ciki. Tun nan ya kamata jikina ya ba ni, domin mai hankali fenti yake gamawa kafin a yi wa daɓe gugar ƙarshe. Amma mutumin ya ƙagu ya tare, komai a gaggauce yake yi. Ya ba ni kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kafin alƙalami, muka yi sallama a kan sauran sai an kammala.

Na shimfiɗa tampol a tsakiyar falo da ɗakuna. Gefen bango da matattakala da mashigar ƙofa suka zauna a buɗe, na ce rigar takalmi ta isa. Na aiki babban yarona ya sayo. Ya dawo da kwalin shuɗiyar ledar nan marar kauri, wadda in ka ɗaga ta a rana kana ƙirga yatsunka ta ciki. Na gani da idona, na murza ta da yatsa, na san ba ta da kirki, amma na ce kai, kwana nawa ne ma aikin ciki. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Rana ta uku da hantsi haske ya faɗo ta taga a kwance, sai na hango zane-zane a gindin tsani, lanƙwasassu kamar jinjirin wata, wajen guda bakwai. Na durƙusa na shafa, farcena yana maƙalewa a ciki. Na ce kowa ya ɗaga ƙafa. Ledar ƙaramin cikinsu ta huje a dunduniya, ga wata 'yar tsakuwa ba ta kai ƙwayar ashana ba ta maƙale a tsagin ƙasan takalminsa. Duk saukowar da zai yi daga tsani sai ya juya a kan dunduniya, tsakuwar tana rubutu. Ka san me ya sa? A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, ƙwayar yashi tana kan 7, mabul kuwa wajen 3 yake. Ƙarfen wuƙa ma bai kai yashi tauri ba. Sanfefa ke nan yaron ya ɗaura a ƙafa, leda kuma ta rufe min ido na kasa gani.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Ina cikin yi masa faɗa, wani kuma yana waje yana wanke buroshin fentin mai, baƙin da muke shafa wa ƙarafa. Tina mai datti, wato ruwan sinadarin da yake wanke buroshin da shi, ta zube, ya taka, bai kula ba. Ya ɗauki ledar da ya cire ɗazu ya mayar a kan jiƙaƙƙen takalmi ya shigo. Ita ma a huje take. Baƙar tinar ta taru a cikin ledar, duk taku sai ta tsirto ta hudar. Daga ƙofa zuwa matattakala, tabo goma sha ɗaya, na ƙirga. Mabul kuwa dutse ne mai shan ruwa, kafin mu kawo tsumma ya tsotse.

Mai gida ya zo da yamma. Ya duba, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ba komai, malam, ka gama aikinka, za mu yi magana." Ka ji tsoron mai wannan kalma. Wanda ya zage ka a take ya fi shi sauƙi.

Na kira mai gugar dutse da kuɗin aljihuna. Ya kwaɓa gari da sinadari ya manna a kan kowane tabo, ya rufe da leda, ya bari kwana biyu yana tsotso baƙin. Sau uku aka maimaita. Zanen kuma ya bi shi da injinsa, daga faifai mai kaushi zuwa mai laushi, har falon ya dawo yana ɗaukar ido. Ni da kaina na sa fitila na bi, ban ga ko tsinke ba. Muka ƙarasa fenti, aikin da har yau in na tuna gefen silin ɗinsa nakan ce hannuna ne ya ja wannan layi, ba salatif.

Ranar karɓar ciko sai mutumin nan ya kama hannuna ya hau da ni sama. Ya nuna min wani dogon zane a ɗakin kwanansa, daga ƙofa har lungu, layi biyu a jere miƙe sambal. Makaho ma ya shafa ya san kabad aka ja a ƙasa. Ya nuna min mabul ɗaya da ya tsage a bakin banɗaki. Ya ce duk yarana ne. Na ce ranka ya daɗe, ranar da na fara zuwa na ga wannan zane. Ya ce, "Ina shaidarka?" Ba ni da ita. Shi kuwa yana da tabo goma sha ɗaya da ni da bakina na amsa laifinsu a gaban maigadinsa. Wanda aka taɓa kamawa da akuya, ko raƙumi ya ɓata shi za a nuna. Ya riƙe kashi biyu cikin uku, wai zai canja mabul. Na biya yarana daga abin da na tara, na biya mai shagon fenti bashinsa, na fita daga aikin wata biyu da ciwon baya kawai.

Abin da ya fi ƙona min rai sai daga baya ya zo. Na haɗu da wanda ya shimfiɗa mabul ɗin a wani wurin aiki, hira ta kawo hira, ashe shi ma da wannan zanen na ɗakin kwana aka riƙe masa cikonsa. Kafinta ma haka. Zane ɗaya, mutum uku muka biya, kuma na ji ba a taɓa canja mabul ɗin ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku 'yan yanzu waya ba ta barin hannunku. Kullum kuna ɗaukar fuskarku da rola a kafaɗa kuna sakawa duniya ta gani. Ko sau ɗaya ban ga ɗayanku ya durƙusa ya ɗauki hoton daɓe kafin a fara aiki ba. Da a zamanina ina da abin da ke aljihunka, da mutumin nan bai ci guminmu ba.

To, ga amsarka. Mai kama da yadi, wadda aka yi da zaren roba da aka matse ba saƙa ba, ta busasshen wuri ce: ƙura, kafet, tayil, aikin kwana ɗaya. Iska na ratsa ta, ƙafa ba ta jiƙewa da gumi, amma ruwa da tina ma suna ratsawa. A jikin kwalin ana rubuta nauyinta, giram kaza a murabba'in mita. Ta 25 ta masu zuwa kallon gida ce. Mai aiki ya nemi 40 ko sama, kuma ya juya ƙasanta ya ga an yi mata zanen hana santsi. Siririyar leda irin wadda ta kashe ni tana hana ruwa na ɗan lokaci, amma ba ta jure ko ƙwayar yashi, kuma a jiƙaƙƙen tayil kamar ka taka sabulu ne. Akwai leda mai kauri mai ƙurji-ƙurji a jiki, ita ce ta wurin danshi. Wadda na fi saya ita ce mai haɗi, sama yadi, tafin kuma an lulluɓe shi da roba mai kauri. In gidan mabul ne ko katako mai sheƙi, kuma za mu yi sati, ba na ma wasa da na yarwa. Ta kyanbas mai tafin roba nake sawa, wadda ake wankewa, kowane yaro biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a igiya.

Doguwar da ka gani har ƙwauri, wannan kai take karewa. Feshin fenti, kankare tsohon bango, shiga rufi mai ƙura, nan ne wurinta. Irin farar Tyvek ta kamfanin DuPont tana tare ƙura sarai, amma kada ka ɗauka but ɗin roba ce. Ɗanyen siminti yana cin fata, ƙarfinsa ya kai 12 zuwa 13 a ma'aunin kaifin sinadari mai hawa 14, kuma ba ya zafi da wuri, sai ka cire safa da dare ka ga ƙafa ta saluɓe. Wannan sai but na roba na gaske. Walda kuwa kada ka kusance ta da ɗayansu. Zaren robar nan yana narkewa tun wajen digiri 160, tartsatsin walda ya wuce dubu, sai ta narke ta manne maka. Masu walda fata suke ɗaurawa a kan takalmi. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa riga tana maye gurbin takalmin sefti. Bakin ƙarfen takalmin ne ke tare abin da ya faɗo, ita aikinta datti.

Tsohon fenti mai dalma a ciki, in kun kankare shi, rigar ranar a jakar shara take kwana. Ba a kakkaɓewa, ba a kai ta gida, ƙurar tana lalata ƙwaƙwalwar yara ƙanana.

Yadda ake sawa da cirewa ba zan ɓata bakina ba, wanda ya iya sa safa ya iya. Girma kawai zan ce maka: yawancin na kwali tsawonsu wajen santimita 40 ne, an yi su don takalmin ofis. Ka ja ta da ƙarfi a kan takalmin sefti, ta riga ta yage tun ba ka taka ba, ko robar bakinta ta suɓuce a dunduniya kana tafe ba ka sani ba. Ka sayi babba. Amma ba wadda za ta yi lakaf-lakaf ta harɗe ka ba. Tsani kuma, ni dai yarona ba ya hawansa da leda a ƙafa. A shimfiɗa tampol da kwali a gindinsa, a cire riga a hau da tafin takalmi. Daɓe ana gogewa, ƙugu ba a gogewa.

Na kuma lura da kai makon jiya, ka fita amsa waya da rigar a ƙafarka, ka taka tsakar gida ka dawo ciki, kana jin kai mai tsabta ne. Rigar da ta taka waje ta zama takalmi, yashin da ke jikinta ba shi da bambanci da wanda ke ƙasan naka. Ban yi magana ba don kafet ne, kuma injin shara ya kwashe.

Gobe kafin mu shiga gidan nan mai katako, ka zo min da takalminka a hannu, da ƙusa guda. Zan zauna in ga ka bi tsagin tafinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ɗauki hoton kowane ɗaki ka tura wa mai gidan tun bai fita ba.