Hedfon ɗina ya daina dundu: in huda shi ko in canja masa waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da hedfon mai waya, irin babban nan da ke rufe kunne, na saye shi a kasuwar Farm Centre da ke Kano shekara biyu da suka wuce. A da bes ɗinsa, wato kaurin sautin, har cikin kai nake jin sa, yanzu sautin ya zama siriri kamar na ƙaramin rediyo. Fatar katifar kunnen tana ɓarewa tana manne mini a kunci, ɓangaren hagu kuma sai na lanƙwasa wayar yake kawowa. Abokina ya ce in huda bayansa, in sa masa waya mai tsada. Ina kuma son canja masa kala. Daga wani ɗalibi a Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye abin hujin nan tukuna. Sa hedfon ɗin, ka kunna abin da kunnenka ya saba da shi, sannan ka danna ɓangarorin biyu da tafin hannunka su manne da kai sosai. Idan kaurin sautin ya dawo kana dannawa, ya gudu kana saki, to lasifikarka lafiyarta ƙalau, katifar ce ta mutu. Yawancin waɗanda ake kawo mini da irin wannan kuka, nan matsalarsu take.

Lasifikar da ke ciki ƙarama ce, galibi faɗinta milimita 40 ko 50. Ba ta da ƙarfin girgiza iskar ɗaki, abin da take yi shi ne matsa 'yar iskar da ke kulle tsakaninta da dodon kunnenka. Da zarar an sami kafa, iskar ta sulale, kuma bes ne ke fara bin ta. Sosonka ya kwanta, fatar roba ta tsage saboda gumi da zafin bazarar Kano, kafa ta samu ta ko'ina. Ko sabon hedfon ne, ƙafar tabarau ko bakin hula da ya shiga ƙarƙashin katifa yana rage bes, haka ɗankwali ko hijabi ga mata. Wani ya taɓa kawo mini nasa yana rantsuwa ɓangare ɗaya ya lalace, na ce ya ɗan tura hularsa baya. Shi ke nan gyaran.

Cire tsohuwar katifar, yawanci leɓenta kawai ake zarowa daga wani ɗan kwari da ya zagaye murfin. Ka tafi da ita hannunka kasuwar Beirut ko Farm Centre, don girma da siffa, zagaye ce ko mai kama da ƙwai, sai an gwada. Akwai zaɓi a nan da kai kaɗai za ka yi wa kanka. Ta fata tana riƙe iska, bes ya cika, amma kunne zai yi gumi a watan Afrilu. Ta yadi mai laushi kamar karan-miski tana da sanyi, sai dai iska na ratsa ta, sautin ya yi sauƙi. Kaurin katifa ma yana canja sauti, tunda yana matso da lasifikar ko ya nesanta ta, saboda haka ka nemi wadda ta yi kusa da ta asali.

In ba a samu ba, garinmu garin dukawa ne. Ka shiga kasuwar Kurmi da tsohuwar a matsayin samfuri, baduku ya yanka maka siririyar fatar akuya mai taushi, a ɗinke a kan sabon soso, ɗinkin ya matse. Wannan ya fi fatar roba daɗewa nesa ba kusa ba. Amma kafin a yanka, goga fatar da jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Idan rini ya fito a ƙyallen, zai fito a kuncinka ranar da ka yi gumi.

Tunda katifa ta fita, duba ragar da ke gaban lasifikar. Hunturu biyu ya wuce a kanta, za ka tarar da ƙura, wani lokaci har da burbushin ƙarfe da maganaɗisun ciki ya jawo. Kifa ta ƙasa, ka share da busasshen burushi mai laushi. Kada ka hura da baki ko famfo, kada ka zura allura. Tantanin da ke bayan ragar siriri ne ƙwarai, idan ya lotsa ko ya huje, sautin zai riƙa kurman-kurman kamar kalangun da ya fashe.

Batun huji, abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Iskar da ke kulle a bayan lasifika tana tokare tantanin, rami kan sassauta masa, bes ya ƙaru. Sai dai sau da yawa bes ne mai laka wanda ke binne murya, hayaniyar titi ta shigo, kuma idan ramin dama ya fi na hagu ko da kaɗan, kunnuwanka za su riƙa jin abu biyu. Ni ma na taɓa yi wa nawa ina koyon aiki, na yi mako ina toshewa ina buɗewa, bai koma yadda yake ba. Abin da nake yarda da shi a cikin murfi shi ne wanda za a iya warwarewa: 'yar auduga a yage ta sako-sako, daidai wa daida a ɓangarorin biyu, ba ta taɓa lasifikar ba. Tana shanye amon da ke sa murya ta yi kamar a cikin tulu. In ta yi yawa kuma bes ya shaƙe, sai ka rage. Abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, ka saurara, sannan ka ci gaba.

Wayar hagu tsinkewa ta yi a ciki, kusan kullum a wuyan filogi. Yanke daga sama da wurin, a sa sabon filogi mai milimita 3.5. A mai zobe biyu, tsinin na hagu ne, tsakiya na dama, gindin na wayar haɗaka. Siraran wayoyin ciki suna da wani fenti da ke hana dalma kamawa, sai an ƙone shi da dalma mai zafi tukuna. Idan gabaɗayan wayar za a canja, kada ƙarfen liƙi ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku a jikin lasifikar, kuma ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin cirewa, don idan aka juya na ɓangare ɗaya sautin zai watse, murya ta bar tsakiyar kai. In hannunka bai saba ba, kai wa mai gyaran salula. Waya mai tsada kuwa ba za ta ƙara maka bes ko ƙwaya ɗaya ba, a tsawon mita ɗaya da 'yan kai jan ƙarfe jan ƙarfe ne. Ka nemi mai ƙwari kawai.

Sauran gyaran sauti kyauta ne. A ikwalaizar salularka, wato wurin saita sauti, ɗan ɗaga wajen hertz (Hz) 60 zuwa 100, in sautin ya yi laka ka sauke wajen 250. Kuma katifar da ta rufe da kyau za ta sa ka daina ƙure ƙara a cikin adaidaita sahu. Wannan ya fi damuna a kan komai, don jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, ƙarar na hawa lokacin na raguwa da sauri.

Kala kuma, sai ka kwance murafun ka ajiye lasifiku a wani ɗakin. Goge roba da sanfefa mai laushi har sheƙin ya dushe, share da sifirit, rufe ƙananan ramukan da kamfani ya yi da salatif, sannan ka fesa fenti sama-sama sau uku, kowanne ya bushe. Kada ka yi a ranar da ake ƙura, kada ka fenta inda ke lanƙwasa, zai tsattsage. Sufa gulu kada ya kusanci lasifika, tururinsa yana barin farin tabo. Idan wata rana mai Bluetooth za ka buɗe, akwai batir a cikin murfin, ba ya son zafi ko tsini. Maɗaurin kai kuwa ba ya buƙatar fenti, ragowar fatar nan ta Kurmi za a naɗa masa, ko ƙyallen shuni na Ƙofar Mata da aka wanke sosai, ɗinkin ya koma ta sama don kada ya riƙa cin ka a tsakar ka.