Kada ka shafe tsakar gidan nan gaba ɗaya

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da aka kai ga rufi a gidan naka na Kubwa. Allah ya sa a shiga a sa'a. Ka ce birkila ya ba ka shawarar shimfiɗa intalok daga bakin ƙofa har jikin katanga, su gwaggonka kuma sun ce a gidanmu ba a shafe tsakar gida kaf, ana barin ƙasa a dasa itace. Kana tambaya ko camfi ne.

Ba camfi ba ne, dabarar zama da zafi ce. A gidan kakanku, da la'asar sakaliya yara ke yayyafa ruwa a tsakar gida, a share, ƙasa ta sha har ƙamshinta ya tashi. Bayan isha'i a fito da tabarmi, duk bazara a waje ake kwana. Ruwan nan da ƙasa ta sha, in zai tashi da zafin wurin yake tafiya. Itace ma bayan inuwa, ruwa yake jawowa daga ƙasa yana saki ta ganye, shi ya sa iskar gindin darbejiya ta bambanta da ta rumfar kwano.

Siminti da kwalta kuwa rana suke sha yini guda, sai dare ya yi su amayo ta, kamar duwatsun murhu da ba sa hucewa don an kashe wuta. A watan Maris ka dafa katangarka ta yamma da ƙarfe 10 na dare, hannunka zai ba ka labari. To ka haɗa gida dubu masu irin wannan katanga, ga tituna, ga motoci, ga janareto, ga na'urar sanyaya ɗaki da ke kwaso zafin ciki tana tura wa maƙwabci. Abin da ke sa birni ya fi ƙauyen da ke gefensa zafi ke nan, musamman da dare, kuma zafin dare ne ke hana jikin tsoho da na jariri hutawa.

Biranen hamada sun fi kowa sanin wannan. A Phoenix ta Amurka, a 2023 an yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43, akwai daren da bai sauko ƙasa da 36 ba. Mutanen Agadas kuwa tun da can da ƙasa suke gini, bango mai kauri wanda zafin rana ba ya saurin ratsawa, har hasumiyar masallacinsu mai tsawon mita 27 ta laka ce. Abuja ba hamada ba ce, amma tun da gwamnati ta dawo nan a 1991 muke sare itatuwa muna zuba kankare, abin yana ci mini rai. Ka bi ta Maitama da tsakar rana, sannan ka wuce Nyanya, jikinka zai faɗa maka inda aka bar itatuwa.

Ban ce ka zauna cikin caɓi ba, na san ruwan Abuja da yawa. Ka sa intalok a hanyar shiga da wurin ajiye mota, saura ka zuba tsakuwa ko ka shuka ciyawa, ruwan sama ma ya samu hanyar komawa ƙasa. Ka dasa mangwaro ko darbejiya ta ɓangaren yamma, nesa da harsashin gini da sokawe saboda saiwa. Kwano ka zaɓi mai haske, baƙi ya fi shan rana, kuma kada ka yi ƙyashin kuɗin silin mai kyau. Dashen ka bari sai ruwa ya zauna, wajen watan Mayu, ka kewaye shi saboda awaki. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran.