Manaja bai sa hannu ba, amma an yi aiki: kuɗina sun tafi ke nan?

Tambaya: Ina da shagon kayan sola a titin Ahmadu Bello, nan Kaduna. Wani asibiti mai zaman kansa a Barnawa ya ba ni aikin kula da baturansu da inbata, naira 150,000 duk wata, har shekara guda. Na rubuta takarda na tura wa manaja ta WhatsApp, ya ce ba matsala, in fara. Har yau bai sa hannu ba. Sun biya wata huɗu, suka riƙe na wata uku, yanzu kuma sun ce babu wata yarjejeniya tsakaninmu.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, kuɗinka ba su bi ruwa ba. A dokar Najeriya yarjejeniya tana ƙulluwa ne idan an yi tayi, an amsa, kowa ya san abin da zai bayar da abin da zai karɓa, kuma da gaske ake yi. Takarda shaida ce ta abin da aka ƙulla. Da sai da sa hannu ake ciniki, ai da Kasuwar Barci da Panteka sun daɗe da tashi. Cinikin fili ko gida, da tsayawa wa wani kan bashi, suna cikin waɗanda doka ta ce sai a rubuce. Aikin gyara da kulawa irin naka ba ya cikinsu. A fiƙihu ma ijara ce, tayi da amsawa sun wadatar, duk da cewa aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi.

Ga inda lauyansu zai tsaya. Kotun Ƙoli, a shari'ar Omega Bank da kamfanin O.B.C. ta 2005, ta ce takardar da ba a sa wa hannu ba ba ta da wani nauyi. Lauyoyi sun haddace wannan hukunci kamar karatun allo. Sai dai a 2019, a shari'ar kamfanin siminti na Ashaka da wani ɗan kwangilarsa, kotun ta nuna ana iya karɓar irin wannan takarda idan shaidar baka ta tabbatar da asalinta. Saboda haka kada ka ɗora duk kayanka a kan takardar nan. Ƙarfinka yana cikin abin da suka aikata: sun buɗe maka ɗakin batura, sun bar yaranka suna aiki, sun tura maka 150,000 sau huɗu. Wanda ya biya sau huɗu zai sha wahalar gamsar da alƙali cewa bai san da maganar ba.

Raba abin da kake bi gida biyu. Naira 450,000 na watanni ukun da ka riga ka yi aiki, wannan haƙƙinka ne mai ƙarfi, domin ko da kotu ta ajiye takardar gefe, tana iya sa a biya ka ladan aikin da suka amfana da shi. Amma kuɗin sauran watanni biyar da suka rage a shekarar, ko tarar jinkirin biya idan ka saka ta a takardar, nan ƙafarka ba ta taka sosai ba. Za su ce sun yarda da aiki da farashi, ba su taɓa yarda da sauran sharuɗɗan ba. Ni dai da ni ne, ba zan ɓata kuɗin lauya a kansu ba.

Yau ɗin nan ka adana hirarku ta WhatsApp, har da saƙon murya, kuma kada ka sayar da wayar ko ka yi musanyarta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar waya da kwamfuta, amma sai an haɗa da takardar bayani kan na'urar da aka ciro ta. Je banki ka karɓo bayanan asusunka mai hatimi, hoton alat kaɗai ba ya isa. Idan akwai littafin da mai gadi ko ma'aikacin jinya ke rubuta zuwan yaranka, ɗauki hotonsa tun kafin ya ɓata.

Daga nan ka rubuta wasiƙar neman biya, da adadi da wa'adin kwana 14, ka kai wa mai asibitin da kansa, don sau da yawa manaja ne ke ɓoye bashi. A sa maka hannu a kwafinka, wannan karon kada ka fito sai an sa. Ka dakatar da aiki ta hanyar sanarwa a rubuce, kada ka cire musu ko waya ɗaya don huce haushi. Asibiti ne, kuma nan take maganar bashi za ta koma ta 'yan sanda. Idan wa'adi ya cika shiru, tafi da dattijo ɗaya daga ƙungiyarku ta 'yan kasuwa a gwada sulhu. In ya ƙi ci, sai lauya ya duba takardunka ya shigar da ƙara, kuma kada ka bari abin ya kwana shekaru, domin doka ta yanka wa ƙarar bashi lokaci.