Hukuncin Ajiye Kwaɗon Katako da Aka Sassaƙa a China

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina saro kaya daga Yiwu. Abokin cinikina ya ba ni kyautar kwaɗon katako, sassaƙar hannu daga Dongyang, mai ƙafa uku da kuɗi a bakinsa. Ya ce yana jawo ciniki. Ni dai kyansa nake so. Zan iya ajiye shi a shago?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne "yana jawo ciniki". Mutanen can suna kiran wannan kwaɗo jin chan, kuma don neman arziki ake girke shi kusa da wurin kuɗi. Ya wuce ado ke nan, ya shiga sahun camfi. Yau ba ka yarda ba, amma ranar da kasuwa ta buɗe, Shaiɗan zai nuna maka kwaɗon.

Ko babu wannan, surar dabba cikakkiya mai inuwa, wato mai jiki irin na gunki, haramun ce a mazhabobi huɗu. 'Yar tsanar yara ce aka keɓe. Ƙafa ukun ma ba nakasa ba ce da za ta sauke hukuncin, haka siffarsa take.

Za ka ji masu cewa an hana ne saboda mutane sun fito daga bautar gumaka, yanzu tauhidi ya zauna. Babban malamin fiƙihu Ibnu Daƙiƙil Id ya rushe wannan magana tuntuni. Dalilin da hadisi ya ambata shi ne kwaikwayon halittar Allah, kuma ranar ƙiyama za a ce wa masu yin surar su raya abin da suka halitta. Wane zamani ne wannan bai shafa ba? Mutanen Annabi Nuhu ma ba da bauta suka fara ba, gumakan Wadd da Suwa'u don tunawa da salihai aka kafa su. Ga shi kai kanka an miƙo maka kwaɗon ana jingina masa arziki, to ta yaya za a ce tsoron shirka ya kau?

Cire kan, kamar yadda Jibrilu ya umarta a hadisi, sannan ka fitar da shi daga shagon. Kada ka sayar, kada ka kyautar. Abokinka kuwa kada ka muzanta shi, alheri ya nufa. Gode masa, ka bayyana masa a hankali. Masassaƙan Dongyang gwanaye ne wajen allunan furanni da duwatsu, kuma irin waɗannan ne Ibnu Abbas ya nuna wa mai sana'ar zane: itatuwa da duk abin da ba shi da rai.

Wallahu a'alam.