Abin da ya hana alkakinki shan sukari

Saƙonki ya iso, da alkaki uku a ƙulle cikin leda. Kin ce: "Gwaggo, ga shi ya yi ja ya yi kyau, amma in an gutsura cikinsa a bushe kamar ƙuliƙuli, kuma bayan kwana biyu sukarin ya yi fari a jikinsa. Ko sukarin ne bai isa ba?" Na karya ɗaya na duba, na kuma ɗanɗana. Sukarinki ya isa, 'yata, har ya so ya yi yawa. Hanyar shiga ce bai samu ba.

Tun a wurin inji aka fara samun matsala. Cikin alkakin nan a cushe yake, alamar an niƙa miki alkamar ta yi laushi kamar fulawa. Alkaki ɓarzajjiyar alkama yake so, wadda in kin murza a tafin hannu za ki ji ɗan tsaki-tsaki. Ki samo alkamar gida, irin ta noman rani da ake yi a Kadawa da Kura, ki tsince, ki wanke, ki shanya ta bushe ƙarau. In kin kai inji ki tsaya a kansa da kanki, kada ki aiki yaro, domin masu inji hannunsu ya saba da niƙan gari.

Sai kwaɓi, kuma a nan nake so ki nutsu. A kwano ɗaya na alkama ina zuba man gyaɗa ludayi biyu, in murje shi da hannu har kowane tsaki ya ji mai. Sannan in sa nono mai tsami da ɗan yis, in yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓin ya yi tauri, kada ya kai ruwan na fanke. Ki rufe ki ajiye a wuri mai ɗumi ya kwana. Da zafi kwana ɗaya ya isa, da hunturu kuwa nakan bar shi kwana biyu. Hancinki ne zai gaya miki: in kin ɗaga murfi tsamin ya bugo ki, kin kuma ga saman ya tsattsage, to ya yi. Naki ko ƙanshin tsami babu, na san da safe kika kwaɓa da yamma kika soya.

Tsamin nan shi ne rabin aikin. Idan kika juye kwaɓin a turmi kika zuba ruwan kanwa ungurnu da kika jiƙa kika tace, kanwar da tsamin ne ke haɗuwa su tayar da iska a ciki, su bar 'yan ƙofofi ƙanana. Ta nan sukari ke bi ya ratsa har tsakiya. In babu tsami, kanwa ba ta da abokin aiki, sai dai ta bar miki ɗaci da baƙi. Ki riƙa zuba ta da cokali kina kirɓawa kina ɗanɗanawa, har tsamin ya kwanta, kwaɓin ya yi danƙo yana kama taɓarya. Ranar da na fara yi ni kaɗai a gidan uwar ɗakina, na ɗura kanwa da ludayi, ina jefawa a mai yana wargajewa. Kwano biyu na alkama suka tafi a haka, har yau ina jin zafin abin. Shi ya sa nake soya guda ɗaya tukuna in gwada kafin in naɗe sauran.

Naɗi kin iya shi, ba ni da ta cewa. Ki dai rage kauri, kada igiyar ta wuce ɗan yatsanki.

Wutarki ma ta yi yawa. Mai in ya yi zafi sosai, bayan ne ke ƙonewa ya rufe, cikin bai soyu ba. Ki janye itace, ki bar shi ya soyu a hankali har kumfar man ta ragu, ki ji ya yi sauƙi a matsami.

Farin da kika gani kuwa, sukari ne ya koma ƙanƙara domin kin dafa shi ya wuce, kuma ba ki sa masa tsami ba. A gwangwani 6 na sukari ki zuba ruwa gwangwani 3, ki matse lemon tsami 2, ko ki sa ruwan tsamiya. Da ya narke ki daina juyawa. Ki ɗiga a faranti ki taɓa da yatsu biyu: in ya ja zare ɗaya siriri, ki sauke. Ki riga ki dafa shi kafin ki ɗora mai, ya zama da ɗumi, alkakin kuma ki tsamo shi daga mai ki jefa da zafinsa, ki danna da bayan matsami har ki ji ya daina ƙara. In zuma za ki yi da ita, ɗumama ta kawai za ki yi, ba a tafasa ta.

Tunda na gara ne aka ba ki, tare da nakiya da dubulan, ki bari ya tsane ya huce sarai kafin ki jera a kwalla, in ba haka ba gumi zai sa ya yi laushi. Ki kwaɓa rabin kwano daren Laraba, ki zo min da shi ranar Juma'a da hantsi, turmina yana nan, mu kirɓa tare.