Wayata ta cika da hotunan kaya, in ciri kuɗi a jari in sayi wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda daga gida. A Kantin Kwari nake saro su, in tallata a WhatsApp. Wayata mai 64GB ce, kullum cewa take ba wuri. Hoton kaya da rasit na tiransifa da hotunan biki duk sun cakuɗe, kwastoma ta tambayi wani zane sai in yi ta lalube har ta gaji ta tafi. Ina tunanin in ciri kuɗi a jari in sayi babbar waya. Mece ce shawararka? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara buɗi.

Kada ki taɓa jarin nan tukuna. Ki zauna ki lissafa kuɗin wayar da kike hari turmi nawa ne na atamfa, sannan ki lissafa sau nawa turamen za su juya kafin sallah. Mai 128GB ma cika za ta yi in dai yanayin ajiyarki bai canja ba, sai dai ta ɗan jima.

Ina kyautata zaton ma ba hotunan kayanki ne suka cinye wurin ba. Hoto ɗaya na irin wayoyinmu bai cika wuce 3MB zuwa 5MB ba, kin ga ko dubu biyu gare ki ba za su haura 10GB ba. Masu cin wuri su ne bidiyoyin guruf: na dangi, na adashi, na tsofaffin ɗalibai, wanda kowa ya turo wayar ta sauke ba tare da ta tambaye ki ba. Ki shiga saitin na WhatsApp, wajen da aka rubuta Storage and data, sai Manage storage. Zai jero miki duk abin da ya fi 5MB da wanda aka yi ta yaɗawa. Ki share su, ki kuma kashe saukewa da kanta a shafin Storage and data ɗin. Data ma za ki ga ta fara yi miki auki.

Bayan nan sai maganar da ta fi damuna, wato rasit. Hoton zane in ya ɓata kya sake ɗauka. Shaidar kuɗin da kika tura wa mai shago a Kwari, ko ta kayan da kika ba direba a tasha, in ta ɓata ranar da gardama ta tashi ba ki da bakin magana. Don haka kada ki bar su cikin hotunan biki. WhatsApp yana ba mutum damar tura wa kansa saƙo a lambarsa. Duk rasit da ya shigo, a take ki tura shi can, ki rubuta a ƙarƙashinsa sunan mai kuɗin da adadin da abin da aka saya, misali: Maman Hanifa, leshi 2, an biya rabi. Bayan wata uku in kika rubuta sunan a wajen bincike zai fito. Ƙullin da za ki aika Kaduna ko Maraɗi ki ɗauke shi hoto da sunan mai karɓa a jikin ledar, ki haɗa da lambar motar. Amma fa, Hajiya, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirar na bogi. Kaya kada su bar hannunki sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin sun zauna.

Hotunan kaya kuwa, in ba ki koma WhatsApp Business ba ki koma, kyauta ne. Yana da katalog mai ɗaukar kaya har 500, kowanne da farashinsa da bayaninsa. Kafin ki ɗauki hoto ki yanki 'yar takarda ki rubuta lamba, A12 ga atamfa, L7 ga leshi, ki ɗora a gefen zanen, ki sa wannan lambar a littafin lissafinki. Kwastoma ta daina ce miki "wannan mai ruwan ƙwai ɗin da kika sa shekaranjiya". Ki ɗauka da safe a inuwa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, kuma ban da gyaran launi, don shi ke jawo a dawo miki da kaya a ce ba shi aka gani ba. In kin ɗauki biyar, ki zaɓi ɗaya a wurin ki goge huɗu. Zanen da ya ƙare kuma ki cire shi. Na sani akwai masu barin hoton don a ga suna da kaya da yawa. Ni a ganina rigima kawai suke sayo wa kansu.

Sai kwashewa. Tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba yana rage masa kyau, aikin leshi ya dushe. In ainihin hoton kike so ya isa, ki tura shi a matsayin dokumen, ko ki danna HD da suka ƙara a 2023. Daga waya zuwa waya, Xender ko Quick Share sun isa, ba sa cin data. Don ajiya ki nemi filash mai shiga waya, ki tafi da wayar kasuwa a gwada bakin a gabanki. Filash da memori akwai jabu masu nuna 64GB alhali cikinsu bai kai ba, sai an loda su hotuna su ƙi buɗewa. Ki zuba masa kaya da yawa ki buɗe na farko da na ƙarshe kafin ki goge komai a waya.

Filash yakan ɓata, shi ya sa nake so ki haɗa da Google Photos, manhajar da ke ajiye miki hotuna a intanet. Kowane akawun na Google yana da 15GB kyauta, amma tare yake da Gmail da Drive, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp (wato backup) ta masu Android a ciki ake lissafa ta, saboda haka ki cire bidiyo daga ajiyar. Tarko ɗaya ne a nan: in kika goge hoto a cikin Google Photos, ya tafi a waya da can ɗin gaba ɗaya. Abin da za ki danna shi ne Free up space, wanda ke cire na waya kawai ya bar na intanet.

Ki kuma tambayi kanki yanzu: kin san kalmar sirrin imel ɗinki, wadda da ita ake shiga akawun ɗin Google? Da yawa a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu, ba su taɓa riƙe ta ba. Ga ƙwacen waya da ake fama da shi a gari. Ki canja ta yau, ki sa lambarki a matsayin ta dawo da akawun, ki rubuta kalmar sirrin a wurin da ke kaɗai kika sani a gida.

In bayan duk wannan kyamarar ce ba ta fitar da launi, ko batirin ba ya kai azahar, to canjin waya ya zama hidimar sana'a. Ki ware wani abu daga ribar kowane turmi, ko ki jira kwasar adashinki, ki haɗa da kuɗin tsohuwar bayan kin kwashe komai kin goge abin da ke cikinta tas.